Ƙunshin irin da ake sayar wa mata don kwanakin gab da al'ada: me ke cikin cokali biyun nan?

Kwalin da ake tallatawa a intanet kusan duk kamarsu ɗaya, ko wane kamfani ya haɗa shi. In kika buɗe za ki tarar da jaka biyu, da ɗan cokalin awo, da katin kalanda. Jaka ta farko garin 'ya'yan filaks ne da na kabewa, ana ci daga ranar da jini ya zo har rana ta 14. Ta biyu garin riɗi ne da 'ya'yan sanfulawa, furen nan mai bin rana, ana ci daga rana ta 15 har jini ya sake zuwa. Cokali ɗaya na kowane iri, wato cokali biyu a yini, a barbaɗa a yogot ko a abincin safe. Alkawarin da ke bayan kwalin shi ne juya irin nan bisa kwanakin wata zai daidaita homon, wato sinadaran jiki masu tafiyar da al'ada, ya rage kumburin ciki, da ciwon mama, da saurin fushi, da kwaɗayin zaƙin da ke addabar mace kafin al'ada.

Jaka ta biyun muka fi sa wa ido, don ita ce ta zangon da matsalar take. Hukuncinmu a kanta bai da tsawo: abinci ne mai kyau da aka yi wa kirarin magani. Ba za ta cutar da yawancin mata ba, amma abin da ke cikinta bai kai ko kusa da adadin da bincike ya nuna yana rage alamun nan ba.

Zangon da ake magana a kai yana farawa ne bayan ƙwai ya fita. Jakar da ƙwan ya bari a baya takan rikiɗe ta koma wani ɗan curi mai ruwan ɗorawa, ta shiga zubo da homon ɗin firojestaron. Yakan hau ya kai ƙololuwa wajen mako guda bayan fitar ƙwan, idan ciki bai shiga ba sai curin ya mutu, firojestaron da istirojin su faɗi tare, jini ya biyo baya. Duk tafiyar takan ɗauki kwana 12 zuwa 14 a wurin yawancin mata. A cikinta ne hanji ke yin sanyin jiki har bayan gida ya yi tauri, jiki ya riƙe ruwa, zafin jiki ya ɗan ɗaga da digiri 0.3 zuwa 0.5 a ma'aunin Salsiyas, yunwa kuma ta ƙaru.

Ga wurin da tallar ta fara kaucewa. Matan da ke shan wahala kafin al'ada, idan aka auna jininsu, yawanci homon ɗinsu daidai yake da na waɗanda ba sa jin komai. Bambancin yana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar hawa da saukar homon ɗin, musamman ta hanyar sinadarin serotonin mai tasiri a yanayin zuciya. Ke nan babu wani karkataccen sikeli da riɗi zai zo ya miƙar. Kalmar "daidaitawa" da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwalin tana amsa tambayar da ba ita ce matsalar ba.

Mu auna cokalin

Sinadarin abincin da ya fi samun hujja mai ƙarfi a wannan fanni kalsiyam ne. A 1998 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji a Amurka wanda Dakta Susan Thys-Jacobs ta jagoranta, da mata sama da 400. An ba wasu miligiram 1,200 na kalsiyam kullum, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta. Zuwa zagayen al'ada na uku, alamun masu shan kalsiyam sun ragu da kashi 48 cikin 100, na ɗaya ɓangaren da kashi 30. A lura da abu biyu. Na ɗaya, kullum suke sha, ba a makonni biyun ƙarshe kaɗai ba. Na biyu, wannan kashi 30 na masu shan ƙwayar banza shi ne ke bayyana yawancin yabon da ake gani ƙarƙashin tallar irin waɗannan kayayyaki. Macen da ta fara lura da jikinta, tana sa ran sauƙi, takan ji sauƙin ko da me aka ba ta. Ba ƙarya take yi ba, amma ba lalle ne riɗin ya yi aikin ba.

To nawa ne a cokalin riɗi? Cokali ɗaya wajen giram 9 ne. Idan riɗin da ɓawonsa ne, akwai kalsiyam kusan miligiram 88. Idan fari ne tas, wanda aka cire wa ɓawo, abin da ya rage bai wuce miligiram 5 ko 6 ba, don kusan duk kalsiyam ɗin a ɓawon yake. Kamfanoni da yawa kuwa farin suke niƙawa saboda ya fi daɗi a baki, na ɓawo yana da ɗan ɗaci. Kwalin ba kasafai yake faɗin wanne aka sa ba. Duba launin garin: mai ɓawo yakan yi duhu da gautsi tsakanin yatsu, marar ɓawo yakan yi fari da laushi kamar zai dunƙule. Ko mai ɓawon ma, wani ɓangare na kalsiyam ɗinsa a ɗaure yake da sinadarin okzalet, hanji ba ya iya zuƙe shi duka. Cokalin sanfulawa yana ƙara miligiram 7 ne kacal. A mafi kyawun hali dai jakar tana ba ki ƙasa da miligiram 100, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka gwada ba. Kofin madara ɗaya, na mililita 250, yana da wajen 300.

Magnisiyam ya ɗan fi kyau. Cokali biyun sun haɗa wajen miligiram 60. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Ingila, shi ma a 1998, ya yi amfani da miligiram 200 a yini, aka ga raguwar kumburi da riƙon ruwa a wata na biyu. Hujjar magnisiyam ba ta kai ta kalsiyam ƙarfi ba, amma ko da ita aka auna, jakar kashi ɗaya cikin uku take bayarwa. Bitamin B6 kuwa abin dariya ne: wajen miligiram 0.2 a cokali biyun, alhali gwaje-gwajen da aka tattara a mujallar likitocin Birtaniya a 1999 sun nuna amfanin ne a kan miligiram 50 zuwa 100. Inda jakar ta ciri tuta shi ne bitamin E, don cokalin sanfulawa ɗaya na ba da wajen miligiram 3, kusan kashi ɗaya cikin biyar na buƙatar yini. Sai kuma mai mai kyau, da ɗan furotin, da harza mai taimaka wa hanji.

Shi kansa juyin, wato wannan iri a rabin wata, wancan a ɗaya rabin, babu wani babban gwaji da ya nuna yana rage alamun gab da al'ada. Binciken da masu talla suka fi jingina da shi na 1993 ne, inda mata 18 suka ci giram 10 na garin filaks kullum, aka ga zangonsu na bayan fitar ƙwai ya ƙaru da wajen kwana guda. Amma su duk tsawon wata suke ci, ba su tsaya a rana ta 14 ba, kuma ba fushi ko kumburi aka auna ba. In ma darasi za a ɗauka daga ciki, cewa yake yi kada a ajiye filaks ɗin a tsakiyar wata, akasin abin da katin ke umarni.

Katin kalandar ma yana da nasa aibin, kuma ya fi na irin girma. Ya ɗauka kowace mace zagayenta kwana 28 ne, ƙwanta na fita rana ta 14. Gaskiyar ita ce rabin farko ne ke miƙewa ko ya taƙaita, rabin ƙarshe ya fi tsayawa wuri ɗaya. Mai zagayen kwana 34 ƙwanta yakan fita ne wajen rana ta 20, don haka in ta bi katin za ta buɗe jaka ta biyu kusan mako guda kafin lokacinta. Mai zagayen kwana 24 kuwa ta riga ta yi kwana huɗu a cikin zangon kafin katin ya ce ta fara. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ƙirga baya: ki cire 14 daga tsawon zagayenki. Wasu kwalayen suna ce wa marasa tsayayyen zagaye su bi tsayuwar wata da cikarsa a sama, wannan kam ba shi da wata madogara. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai homon biyu ba ta sakin ƙwai, ba ta da wannan zangon gaba ɗaya, amma ba mu ga dalilin da zai sa mai sayarwa ya ɓoye wannan a ƙananan rubutu ba.

Abin da ke ɓaci a hannu

Niƙaƙƙen iri ba ya jure ajiya. Da zarar an fasa ƙwayar, man da ke ciki ya haɗu da iska da haske da zafi, sai ya fara lalacewa, filaks ya fi kowanne saurin yi. Jakar da ta yi watanni a ɗakin ajiya da hanyar jigila tana iya isowa ta riga ta juya. Ki sansana kafin ki ci: mai kyau ƙamshin gyaɗa-gyaɗa yake yi, wanda ya lalace yana warin fenti ko tsohon man suya, yana barin ɗaci mai ƙaiƙayi a maƙogwaro. In haka ne ki zubar. Jakar da ba ta bari haske ya ratsa, mai zik a baki, ta fi ta leda mai shara-shara. Bayan an buɗe, a firji ake ajiyewa. Kamfanin da ya rubuta ranar niƙa, ba ranar ƙarewar wa'adi kaɗai ba, ya cancanci yabo a nan.

Wasu kuma ba sa niƙawa, sai su aiko da ƙwayar yadda take. Filaks ɗin da ba a niƙa ba yadda ya shiga haka yake fita. Riɗi ma mafi yawansa haka ne in ba a tauna sosai ba. Injin niƙa kayan ƙamshi ko na gahawa ya isa, a niƙa na mako guda, a zuba a kwalba mai murfi.

Abu na uku ciki ne. Wadda ba ta saba da harza ba, in ta faɗa wa cokali biyu rana ɗaya, musamman a kwanakin da hanji ya riga ya yi nauyi, sai iska ta cika mata ciki, kumburin da ta sayi kwalin don shi ya ƙaru. Ki fara da rabin cokali na kwana uku ko huɗu, ki ƙara a hankali, ki kuma ƙara shan ruwa. A duba jerin abin da aka haɗa, don wasu jakunkunan da gasasshen sanfulawa mai gishiri ake yinsu, wasu da sukari ko zaƙin dabino don gyara ɗanɗano. Gishiri a zangon riƙon ruwa tufka da warwara ne. Riɗi kuma yana cikin abincin da jikin wasu ke ƙi har ya kai ga kumburin leɓe da toshewar numfashi, shi ya sa Amurka ta sa shi a jerin abubuwan da dole a bayyana a jikin kwali daga farkon 2023, kamar yadda Tarayyar Turai ta riga ta yi. Duk wadda ta taɓa jin ƙaiƙayin baki bayan cin riɗi, wannan kaya ba nata ba ne.

Game da kuɗi, abin da kike biya kwali ne da kati da niƙa. Irin guda huɗun in kika saye su daban-daban za su zo miki da rahusa nesa ba kusa ba, kuma ke za ki zaɓi riɗi mai ɓawo da hannunki.

Inda ya kamata ƙoƙarin ya tafi

In za a kashe kuɗi da hankali a kan abinci don waɗannan kwanakin, da kalsiyam za a fara, kuma duk wata. Babbar mace na buƙatar wajen miligiram 1,000 a yini. Kofin madara da safe, kofin yogot marar sukari da rana, sun ba da 600 ko fiye. Gwangwanin kifin sadin, in aka ci da ƙashinsa mai laushi, yana ƙara wajen 350. Sauran ganyaye masu duhun kore da wake za su cike. Wani babban bincike da aka yi a kan ma'aikatan jinya mata a Amurka ya nuna a 2005 cewa matan da abincinsu ya fi kalsiyam da bitamin D sun fi kuɓuta daga kamuwa da matsalar tun farko. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da sanadi, amma ya tafi hanya ɗaya da gwajin 1998.

Wadda madara ke ɓata wa ciki tana iya komawa ga ƙwaya, sai dai a karanta kwalbar da kyau. Ƙwayar kalsiyam kabonet mai nauyin miligiram 1,250, ainihin kalsiyam ɗin da ke cikinta 500 ne, don kashi 40 cikin 100 ne kawai na nauyin. Ana shanta da abinci saboda tana buƙatar ruwan ciki mai tsami kafin ta narke, kuma hanji ya fi zuƙar kalsiyam da kyau in bai wuce wajen 500 a zama ɗaya ba, shi ya sa ake raba ta safe da yamma. Takan taurara bayan gida. Tana hana jiki zuƙar maganin ƙarin jini da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su tetirasaikilin da sifurofuloksasin, mai shan maganin maƙoƙo na lebotairoksin kuwa sai ta ba da tazarar awa 4 tsakaninsu. Wadda ta taɓa yin tsakuwar ƙoda ta tambayi likita tukuna. Kada a yanke hukunci a wata na farko, a ba shi zagaye uku.

B6 shi ne wanda muke so a yi wa taka-tsantsan fiye da kowanne, don ana cusa shi a cikin haɗe-haɗen ƙwayoyin mata da yawa, mutum ya sha kwalba biyu ko uku bai san yana ninkawa ba. Yawansa na tsawon lokaci yana lalata jijiyoyi, ana fara jin tafin hannu da ƙafa na tsira-tsira kamar ana soka allura, ko su mutu. Amurka ta sa iyakar miligiram 100 a yini, hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai kuwa ta sauke tata zuwa 12 a 2023. Ratar da ke tsakanin lambobin biyu ta isa ta sa a bar babban adadi a hannun likita. Magnisiyam na ƙwaya, musamman nau'in oksaid, yana sa zawo, kuma mai ciwon ƙoda ba ta sha sai da izini.

Batun kwaɗayi kuma, yunwar nan ta gaske ce, ba raunin zuciya ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a danne ta da rana, a tsallake karin kumallo, sai ƙarfe huɗu na yamma a afka wa biskit da lemon kwalba, sukarin jini ya yi sama ya faɗo, fushin da gajiyar su dawo da ƙarfinsu. Aikin da Judith Wurtman da abokan aikinta suka yi a jami'ar MIT ta Amurka tun shekarun 1980 ya nuna abinci mai sitaci na ɗaga yanayin zuciyar masu wannan matsala, ana kyautata zaton ta hanyar buɗe wa tiriftofan ƙofar shiga ƙwaƙwalwa, wanda daga shi ake yin serotonin. Abin yi shi ne a ci kowace awa 3 zuwa 4, kaɗan-kaɗan, sitacin da ba a tace ba kamar hatsi da dusarsa, wake, dankali, a haɗa da ƙwai ko kifi ko yogot don ya daɗe a ciki. A nan ne cokali biyun irin ke da wurin zama na gaskiya: a kan yogot da ayaba da yamma, suna ƙara wajen kalori 100 da mai da harza, suna riƙe ciki har abincin dare.

Gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a burodi, da naman gwangwani, da taliyar leda, da dunƙulen ɗanɗano. Makon ƙarshe kafin jini shi ne lokacin da ragewar ta fi nunawa a zobe da ƙugun siket. Gahawa da shayi mai ƙarfi, hujjar cewa suna jawo ciwon mama ba ta da ƙarfi, amma tasirinsu a barci da faɗuwar gaba sananne ne. Jiki na ɗaukar wajen awa 5 kafin ya kawar da rabin kafeyin ɗin da aka sha, don haka kofin ƙarshe ya tsaya kafin azahar. Barasa tana ɓata barci, an kuma samu alaƙarta da tsanantar alamun.

Abu ɗaya a cikin kwalin da za mu ce a riƙe shi ne katin, amma a juya bayansa. Kowane dare ki rubuta ranar zagaye, ki ba kumburi, ciwon mama, fushi, baƙin ciki da barci maki daga 0 zuwa 3. Kwalejin likitocin mata ta Birtaniya irin wannan rubutun na zagaye biyu take nema kafin a ce mace na da matsalar, don ƙwaƙwalwa ba ta da amana wajen tuna watan da ya wuce. In alamun suna tashi bayan fitar ƙwai, suna gushewa cikin 'yan kwanaki da zuwan jini, har a samu mako guda fes, to ita ce. In ba sa gushewa, a binciki ƙarancin jini, ko maƙoƙo, ko ciwon damuwa, waɗanda al'ada kan tsananta su kawai. In kuma makin baƙin ciki da fushi yana kai 3 kowane wata, har ya hana aiki, ya rikita zaman gida, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, wannan nau'i ne mai tsanani da likitoci ke kira PMDD. Yana da magani na gaske, irin wanda ke gyara aikin serotonin, wanda wasu matan a kwanaki 14 na ƙarshe kaɗai suke sha. Ki tafi asibiti da katin a hannunki, shi likitan zai fara dubawa.